A Auna Ruwa Da Hatsin Isa, Ba Jini Kaɗai Ba

A watan Afrilu na 2024 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ba da sanarwar wata baƙuwar cuta a ƙaramar hukumar Isa. Mutane 164 ake zargin sun kamu a mazaɓu shida, ciki har da Bargaja, Turba da Tsabre, huɗu kuma sun rasu. Akasarinsu yara ne 'yan shekara 4 zuwa 13. Ciki ya kumbura da ruwa, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Da aka auna jinin waɗanda suka fara kamuwa, sai aka sami dalma da ƙarfen kuromiyam.

Wannan awo ya nuna abin da ya shiga jiki, amma bai nuna ta inda ya shigo ba. Ra'ayinmu shi ne, nan ne aikin yake.

Mu tuna da Zamfara a 2010. A Dareta da Yargalma iyaye sun yi ta binne yara suna tsammanin zazzaɓin cizon sauro ne, har likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jini waje aka gano dalma. Sa'an nan aka bi gida-gida da wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu, wadda ke haska ƙasa ta faɗi ƙarafan da ke cikinta nan take. Ashe dutsen zinariya ne da ake niƙawa a tsakar gida, wani lokaci ma da injin niƙan hatsi. Yara kimanin 400 suka mutu. Kafin maganin ya yi amfani sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma cikin ƙurar nan, an yi aikin banza.

Don haka muna kira ga gwamnatin jihar Sakkwato da NAFDAC da su riƙa auna rijiyoyi, da geron rumbu, da ƙasar gonaki, da magungunan da ake tallansu a kasuwannin Isa da Sabon Birni. Kada a manta da kwalli, wanda akan yi da dutsen dalma, ga shi har jarirai ake zizara wa. Mun san rashin tsaro ya sa shiga ƙauyukan Gobir da wuya, amma kwalbar ruwa da mudun gero ba su da nauyin kaiwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da aka samu kuma a karanta wa jama'a a rediyo da Hausa, rijiya-rijiya, da sunan kowane gari.