Taraktoci 2,000 sun iso, saura masu kula da su

A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 daga Belarus. Sayen tarakta bai taɓa gagarar gwamnati ba. Rashin masu kula da ita ne ke mayar da ita tarin ƙarfe a harabar ma'aikata.

Giɓin da digirin injiniyan aikin gona ya kamata ya cike ke nan. A Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ɗalibi kan shafe shekara biyar, har da watannin sanin makamar aiki, domin ya iya ƙera injin sussuka, ya tsara ban-ruwa irin na Kadawa, ya zana rumbun da ƙwari ba sa ratsawa. Amma in bai taɓa kwance inji da hannunsa ba, manomi zai koma wa makanikin bakin titi.