Raddi Ga Mai Cewa Sulhu Ba Ya Bukatar Nazari

Wani malami da nake ganin girmansa ya yi da'awar cewa sasanta manoma da makiyaya aikin dattaku ne kurum, kuma wanda ya zo wa dagaci da ƙa'idojin littafi ɓata masa lokaci yake yi. Ni kuwa, tare da ladabin da ya wajaba, ban ga hujjojinsa sun tsaya da ƙafafunsu ba.

Ya ce magabata sun yi sulhu ba da nazari ba. Alhali alƙalan ƙasar nan, tun kafin zuwan Turawa, sai sun karanci babin sulhu a Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim kafin su zauna rabon gardama.

Hujjarsa ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce Ardo da Sarkin Noma sun fi kowane masani sanin mutanensu. Haƙiƙa haka ne, amma a dubi abin da ke gudana a zauren dagaci da kaka: an kewaya gonar dawa da shanu suka tattake, an ƙiyasta ɓarna dami-dami, an biya, an yi musabaha, an shafa fatiha, sa'an nan baɗi war haka a sake taruwa a kan gonar nan dai, domin ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa garken ya ratsa ta, wato burtalin da aka nome har bakin mashaya. Rarrabe husuma da musabbabinta, wanda shi ne farkon darasin masu nazarin sulhu, shi ya sa Nijar, bayan zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya a Toda a 1991, ta kafa dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye, masu shata burtali da turaku, ana kuma sanar da ranar sakin gonaki.

Ya kuma kafa hujja da dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, wai takarda ce ta mutu a ofis. Wallahi wannan yana yi mini ciwo kamar yadda yake yi masa, sai dai laifin na hukumomin da suka bar akasarin makiyayun ba a tabbatar da iyakokinsu ba ne, har masu hali suka mayar da su gandayensu.