Waya da sikeli sun shigo harkar bola: ina makomar 'yan gwangwan a Legas?

Duk wanda ya san Agege, Mile 12 ko Alaba Rago ya san 'yan uwanmu sun daɗe suna cin abinci daga abin da wasu suka zubar. Ƙarfe, gwangwani, roba, matacciyar waya, kowanne da mai sayensa. Tsarin da kamfanoni ke ta yayatawa yanzu, wato a gyara kaya, a sake amfani da shi, ko a narka shi ya koma sabo, ai sana'ar 'yan gwangwan ce tun tale-tale. Sabon abu a ciki shi ne na'urori masu haɗi da intanet.

Tun 2012 kamfanin Wecyclers ya fara bin gidaje a Legas yana karɓar roba da gwangwani, a auna, a tura wa mai gida maki ta saƙon waya. Daga baya manhajar Pakam ta fito da haɗin gwiwar hukumar shara ta LAWMA, inda mutum zai kira mai kwasa daga wayarsa. Amfanin irin wannan tsari a fili yake. Idan sikeli yana haɗe da waya, nauyin kaya da wuri da lokaci duk suna shiga rajista. Masana'anta ta san yawan kayan da ke tafe da inda suka fito, mota ba ta yawon banza, rigimar awo kuma ta ragu.

To ina matsalar? Kayan da aka kira aka kwashe daga gida ba zai jira mai kura ba. Wanda ba shi da babbar waya ko asusun banki, sai dai ya ji labari. Ga kuma hukuma ba ta yi wa sana'ar kallon arziki: a 2018 gwamnatin Legas ta haramta kwasar shara da kura, a Janairun 2025 kuma Abuja ta hana 'yan jari-bola yawo, ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci saboda satar kayan gwamnati.

Amma rajistar nan za ta iya zama garkuwa. Dilan da ke da shaidar wanda ya kawo masa kaya, da ranar, da kuɗin da ya tura, ya fi ƙarfin a yi masa kuɗin goro da ɓarayin murafun kwalbati. Kuma da wannan shaida ce zai nemi kwangila kai tsaye da masana'anta.

Saboda haka aiki ya rage ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwangwan da sarakunan Hausawa. A yi wa mambobi rajista da katin shaida, kowace maƙera ta awo ta samu sikelin zamani da yaro ɗaya mai iya manhaja, sannan a je wa LAWMA a ƙungiyance. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, jama'a.