Awo da ma'auni: garin sukari ba ya bin lissafin ruwa

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, mata da yawa suna rufa wa gidajensu asiri da sana'ar gato, na biki da na suna da na salla. Amma littattafan girki da ke zo mana daga Faransa da garam suke magana, na Amurka kuma da kofi, alhali galibin gidajenmu ba su da sikeli. A nan ne riba take zurarewa ba a sani ba.

Tushen kuskuren daga lakwal yake. An koya mana cewa litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, bisa tsarin awon da Faransa ta kafa a 1795. Wannan gaskiya ce, amma ga ruwa. Litir ɗaya na sukari mai tsaba nauyinsa wajen garam 850 ne. Garin sukari kuwa, wanda Faransawa ke kira sucre glace, da ake barbaɗawa ko a dama a shafe gato da shi, litir ɗinsa bai cika wuce garam 500 zuwa 550 ba, domin iska ce ke cike tsakanin ƙwayoyinsa. Masana'antu ma kan ƙara masa sitaci kaɗan don kada ya dunƙule.

To, ga lissafin a sauƙaƙe. In an ce garam kaza na garin sukari, a ninka shi biyu, sai a samu mililitir. Garam 100 ya zama mililitir 200, garam 250 ya zama rabin litir. Kofin Amurka, mai mililitir wajen 240, yana ɗaukar garam 120 na gari, amma garam 200 na mai tsaba. Babban cokali, mai mililitir 15, yana ɗaukar wajen garam 8 in an shafe bakinsa.

Mu ɗauki misali. Uwargida ta saba da gwangwanin da ke auna mata garam 250 na mai tsaba. Ranar da ta cika shi da gari, garam 150 kawai ta zuba, sai abin shafawar ya tsinke, mai biki ta yi ƙorafi, ciniki ya tafi gidan maƙwabciya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa.

Ƴan kasuwa ma abin ya shafe su. Kilo ɗaya na mai tsaba, in an niƙa shi, yana cika kusan litir biyu. Wanda ya sayi gari da kwano a kan farashin mai tsaba ya biya kuɗin iska. Adalci shi ne a sayar da shi da sikeli.

Shawarar da za mu bayar ita ce: a zuba garin da cokali, kada a danna shi, a shafe baki da wuƙa. A auna kafin a tankaɗe, domin tankaɗaɗɗe ya fi sauƙin nauyi. Da damina, da yake sanyin iska na dunƙule shi, sai a murje shi tukuna. Wadda ta ɗauki gato sana'a kuwa, ta je wurin mai kanti sau ɗaya, a auna mata garam 100 da 250, ta juye a gwangwaninta ta yi masa alama. In hali ya samu, ƙaramin sikeli ya fi, domin shi ba ruwansa da damina ko hunturu.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.