Kasuwa Makaranta: Sayar da motar alfarma mai ƙaramin maleji ba tare da dila ba

Mun san da yawa daga cikinku sun taɓa sa hoton wata 'yar gajeruwar mota mai ƙofa biyu a fuskar waya, ko sun manna shi a bangon littafi. A wannan makon irin wannan motar za mu ɗauka mu kai kasuwa, mu ga wahalar da mai ita yake sha idan ya ce shi da kansa zai sayar, babu dila, babu dillali. Darasin da ke ciki zai yi muku amfani ko da abin da za ku sayar bai wuce tsohuwar waya ko keke ba.

Motar da muka zaɓa ita ce Porsche 911, wadda ake ƙerawa a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus. An fara nuna ta a baje-kolin motoci na Frankfurt a 1963 da sunan 901, amma kamfanin Peugeot na Faransa ya ce lambobi uku masu sifili a tsakiya nasa ne, sai aka mayar da ita 911. Injinta a baya yake, kujerun baya kuwa ƙanana ne ƙwarai, yaro ma sai ya takure. A 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya.

To, mu ɗauka wani mutum a Amurka yana da guda, shekararta biyar, malejinta ya nuna mil 10,000 kacal. Ku ɗauko biro. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, ke nan motar ta yi kilomita 16,090. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, wato kamar ta je Kaduna ta dawo sau 35 ne a duk tsawon shekara biyar. A Amurka ana ɗaukar mil 12,000 zuwa 15,000 a shekara a matsayin tafiyar yau da kullum, don haka wannan mota ba ta yi ko tafiyar shekara ɗaya ba.

Hanya biyu ce a gaban mai ita. Ta farko ya kai wa dila. Dila zai biya nan take, amma zai karya farashi, domin shi ma yana da hayar fili da albashin ma'aikata, kuma riba yake nema. A misalinmu, idan motar ta kai dala 100,000 a kasuwa, dila na iya tayawa 85,000. Ta biyu ya nemi mai saye da kansa, ya riƙe wannan 15,000 a aljihunsa. Sai dai duk aikin da dila yake yi ya dawo kansa, kuma mafi nauyi a ciki shi ne sa baƙon da bai taɓa ganinsa ba ya yarda da shi.

A nan ne wani masanin tattalin arziki Ba'amurke mai suna George Akerlof ya shigo. A 1970 ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, bayan mujallu uku sun ƙi karɓarta. A 2001 ya samu kyautar Nobel tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz saboda irin wannan nazari. Abin da ya lura da shi, ko ɗan aji ɗaya zai gane: mai mota ya san halin motarsa, mai saye bai sani ba.

Mu gwada da lissafi. A ce rabin motocin da ke kasuwa lafiyayyu ne, kowace ta cancanci dala 100,000, ɗaya rabin kuma suna da ɓoyayyen ciwo, ba su wuce 60,000 ba. Mai saye ba ya iya bambance su da ido, don haka zai taya tsaka-tsaki, 80,000. Mai lafiyayyar mota zai ce albarka, ya mayar da abarsa gareji. Mai lalatacciya kuwa zai sallama da sauri. Da masu saye sun gane haka sai su ƙara rage tayi, masu kayan kirki su ƙara janyewa, har kasuwa ta koma ta tarkace. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma mai gaskiya ne ke biyan kuɗin ƙaryar da wani ya yi.

Ƙaramin maleji shi ne abin da ya fi ɗaga darajar motarmu, shi ne kuma abin da mai saye ya fi zargi, domin ana juya maleji baya. A da da hannu ake yi, yanzu da kwamfuta. Tun 1972 dokar tarayyar Amurka ta haramta wannan, kuma wajibi ne mai sayarwa ya rubuta adadin malejin a takardar mallaka lokacin miƙa mota. Duk da haka, hukumar kula da lafiyar zirga-zirga a manyan hanyoyin ƙasar ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci fiye da 450,000 a kowace shekara da malejin ƙarya. Saboda haka rantsuwa ba za ta wadatar da mutuminmu ba, sai ya kawo hujja.

Hujja ta farko ita ce takardun gyara. Duk lokacin da aka kai mota juye ko sabis, gareji yana rubuta kwanan wata da maleji a rasit. Idan aka jera rasit na shekara biyar, lambobin suna hawa a hankali ba tare da sun taɓa komawa baya ba, mai saye zai samu natsuwa. Ta biyu ita ce lambar shasi. Tun 1981 kowace mota a Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ba a sa haruffan I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma ta motocin Jamus da W take farawa. Da wannan lamba kamfanoni irin su Carfax ke fitar da tarihin mota: mutum nawa suka mallake ta, ko an taɓa kai rahoton haɗari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Mai wayo shi zai fara ciro wannan rahoto ya miƙa tun kafin a tambaye shi.

Hujja ta uku ta fi burge mu. Kwamfutar injin Porsche 911 tana ajiye adadin awannin da injin ya yi yana aiki, da lokutan da aka tilasta masa juyawa fiye da ƙima. Makanike zai iya karanto su. Idan ta nuna awa 400, sai a raba 10,000 da 400, a samu mil 25 a awa, wanda ya yi daidai da tuƙin da ya haɗa gari da babbar hanya. Idan kuwa ta nuna awa 2,000, amsar mil 5 ce a awa, saurin mutum mai sassarfa. Wa zai sayi motar tsere ya yi shekara biyar yana tafiyar hawainiya? Rabawar da kuka koya a firamare ta tona asiri.

Akwai kuma abin da mutuminmu zai so ya yi shiru a kai, alhali faɗarsa ta fi masa. Mota tana tsufa ko da ba a hawanta. Batir yana mutuwa, robobin da ke hana yoyo suna bushewa, fetur yana lalacewa a tanki, man birki yana jan danshi, shi ya sa ake canza shi kusan duk shekara biyu ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Taya ma haka: zanenta na iya zama kamar sabo amma robar ta ƙeƙashe. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna ranar ƙira, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan mai motar ya ce da bakinsa tayoyin sun tsufa, ga kuma wani ƙarce a murfin gaba, mai saye zai fi gaskata sauran maganarsa. In ya ɓoye, makaniken da mai saye zai ɗauko zai gano, daga nan kuma ko gaskiya ya faɗa ba za a saurare shi ba. Shi ya sa mai kaya mai kyau ba ya hana a kai motarsa garejin da mai saye ya zaɓa.

Wajen sa farashi, kuskuren da aka fi yi shi ne duba abin da wasu suka rubuta a tallarsu. Kuɗin da aka nema daban, kuɗin da aka biya daban. Abin dubawa shi ne nawa aka sayar da irinta, mai shekara ɗaya da maleji kusan ɗaya. Haka kuma masu sayen irin wannan mota ba su da yawa, don haka sai an yi haƙuri. Wanda ke neman kuɗi cikin kwana uku gara ya koma wajen dila.

Ranar ciniki kuma tsoro yana juyawa, yanzu mai sayarwa ne ke cikin haɗari. Wani gwajin banza kawai ya zo yi, wani ɓarawo ne. Don haka ana haɗuwa da rana a wurin jama'a, wasu ofisoshin 'yan sanda a Amurka har fili suke warewa don irin wannan. Ana duba lasisi da inshorar mai gwaji, kuma mai mota yana zama a gefensa. Sai batun kuɗi. Wata tsohuwar damfara ita ce a ba ka cakin banki na jabu wanda ya haura farashi, a ce ka mayar da rarar. Banki na iya nuna kuɗin a asusu kafin ya gano cakin na bogi ne bayan kwanaki ko makonni, lokacin mota da rara duk sun tafi. Ɗan'uwan alat ɗin ƙarya ne da 'yan kasuwarmu ke kuka da shi. Maganinsa a ƙarasa ciniki a cikin banki, kada makulli da takardar mallaka su bar hannu sai banki ya tabbatar kuɗi sun zauna. Bayan nan sai a sanar da hukumar rajistar motoci, a jihar Kalifoniya cikin kwana biyar, don kada laifin sabon mai ita ya faɗo kan tsohon.

Wannan labari bai yi mana nisa ba. Da yawa daga motocin da ake shigo da su ta Legas da Kwatano daga Amurka suka taso, malejinsu da mil yake ƙirga, kuma lambar shasinsu na iya buɗe tarihinsu ga duk wanda ya san ya duba. Ku ma, ranar da za ku sayar da waya ga ɗan ajinku, kun san batirinta ba ya riƙe caji, shi bai sani ba. Ku ajiye rasit da kwali tun ranar saye, ku faɗi aibin kaya da kanku, ku bari a gwada. Wataƙila ku rasa 'yan kuɗi kaɗan a cinikin farko, amma gobe idan kuka ce kayanku lafiya lau ne, za a yarda.

Aikin gida na wannan makon guda biyu ne. Na ɗaya, ku nemi izini ku duba tayar wata mota ko a gida ko a makaranta, ku karanto mako da shekarar da aka ƙera ta. Na biyu, wata mota malejinta ya nuna mil 18,000, kwamfutarta kuma ta nuna awa 600. Nawa ne matsakaicin gudunta da mil, nawa ne da kilomita, kuma za ku yarda da mai ita? Ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.