Gardamar Ahmed Musa a Bagama

Malam Edita,

Tun da Ahmed Musa ya sake komawa Kano Pillars a watan Oktoban 2024, teburin mai shayinmu a nan Bagama bai huta ba. Samari na cewa ƙafa ta gaji, suna kawai aka sayo. Dattawa kuwa sai su ajiye kofi su tuna musu ƙwallaye biyun da ya zura wa Iceland a Rasha a 2018.

Ni dai ina bayansa, don wasansa na farko ma biyu ya ɗura wa Sunshine Stars. Tausayina na ga yaron da zai ɗumama benci saboda shi. Koci ya riƙa sako yaron ko minti ashirin ne.

Mai karatu,
Bagama, Suleja