Babur Na Hannu Da Ƙuri'arka

Ya kai ɗan'uwa manomi, saurara da kyau. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Dattawa ba su manta da zamanin kuɗin Udoji ba, a 1975, sa'ad da malamin makaranta kan sayi Honda ko Suzuki sabo dal. To, yau wa ke maganar sabo a ƙauye? Sai na hannu, shi ma sai an sayar da sa ko buhunan gero. Alhali kuwa babur ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai taki gona, shi ke kai amfani kasuwa inda mota ba ta shiga.

Me ya kawo tsadar? Bajaj Boxer ɗin nan da kake gani na kamfanin Indiya ne, Jincheng kuwa na ƙasar Sin. Ko an haɗa su a nan gida, yawancin kayan daga waje ake shigo da su, da dala ake biya. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023 ta faɗi, sai sabo ya tashi, na hannu ya bi shi, fulogi da taya da sarƙa suka bi sahu. Ga kuma tallafin fetur da aka janye ran 29 ga Mayu na wannan shekarar.

Sai kuma abin da ya fi ciwo. Ka tara guminka ka sayi babur a hannun dillali, bayan wata uku a tare ka a hanya a ce na sata ne. Babur ya tafi, kuɗi sun tafi, kai kuma kana bayan kanta. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana cinikin babura na hannu a kasuwar Charanci saboda ɓarayin daji. Mun san dalilin, ba mu raina shi ba. Amma ɓarawo yana da hanyarsa ta samu; talaka mai gaskiya ne kasuwa ta rufe wa.

Jam'iyyarmu ta ce a buɗe rajista a kowace kasuwar babura: a rubuta lambar inji, da sunan mai sayarwa, da shaidar mai unguwarsa, a ba ka rasit mai hatimin ƙaramar hukuma. Wakilanmu kuma za su nemi a rage kuɗin fito a kan kayan gyara, don bakaniken garinku ya samu da rahusa.

Za su zo muku da babura goma sha biyu a bayan tirela, da kiɗa da maroƙa, a raba wa 'yan gaban goshi. Ku ƙirga magidantan gundumarku, ku raba da goma sha biyun. Sa'an nan ku tambayi ɗan takarar, a gaban jama'a, abin da zai yi wa sauran. Ku adana katin zaɓe, ku fito da sassafe.